Ɗigon da Aka Cire daga Rana

A layin nan da ya fara da masu walda ya ƙare da mai gyaran agogo, akwai wani shago mai koriyar ƙofa wanda kusan kowa a unguwar ya taɓa shiga, ko don hoton fasfo ko don katin makaranta. Mai shagon dogon mutum ne mai ranƙwafaffen wuya, kuma tun yana saurayi aka laƙaba masa Tsaya-Haka, domin maganar da ya fi faɗa ke nan a duniya. Zai kama haɓar mutum ya karkata ta, ya ja da baya, ya kanne idon hagu, ya ce, "Tsaya haka." An ce ko ranar da aka miƙa masa jaririyarsa a asibiti abin da ya ce mata ke nan, ita kuwa ta tsala ihu.

Ya koyi sana'ar a hannun wani tsoho mai kyamarar akwati, inda ya yi shekara shida yana wanke farantan hoto a ɗakin duhu kafin a bar shi ya danna komai. Da ya buɗe nasa shagon, dukiyarsa kyamara ɗaya ce, da benci, da wani labule mai zanen bene da furanni. Rabin garin sun tsaya a gaban benen nan sun dafa ƙugu kamar gidan ubansu ne. Aikinsa yana da kyau, ya kuma san da haka, wanda shi ne babban ciwonsa. Bai iya cewa "na yi kuskure" ba. Idan hoto ya lalace, to fim ne ya tsufa, ko wuta ce ta yi ƙasa, ko mai fuskar ne ya motsa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, rabin kyan hotunan nan a bayan labulen ake yin sa. A can, gindin taga, matarsa take zama. Malama yake ce mata, don tana koyar da zane a firamare lokacin da ya aure ta. A teburinta akwai gilashin ƙara girma, da 'yan kwalaben tawada, da kofin gilashi na ruwa, da wani buroshi siriri wanda gashin bakinsa bai fi a ƙirga ba. Shi ke ɗauka, ita ke rufa asiri. Ƙurajen 'yan mata, tabon goshin direbobi, da ƙurar da kan faɗa wa fim wajen wanki ta bar ɗan huji mai haske, duk hannunta suke bi su ɓace. Idan ta gama da fuska ɗaya sai ta ɗauraye buroshin ta buga shi sau biyu a bakin kofi, ƙil, ƙil. Da wannan ƙarar yake sanin inda aiki ya kai ba tare da ya leƙa ba.

Ita kanta ba ta taɓa yarda ta zauna a gaban kyamararsa ba. "Wanda ya san abin da ake yi wa fuska a bayan labule," in ji ta, "ba ya ba da tasa." Ya yi lallashi ya yi dabara har ya haƙura. Suna da ƙa'ida ɗaya da ta riƙe su shekara ashirin ba rigima. A ƙofar ɗakin duhu akwai wayoyin shanya guda biyu. Duk fim ɗin da ya rataya a ta dama na Malama ne, ta gyara ba sai ta tambaya ba. Abin da ya rataya a ta hagu ba a taɓawa.

Wata rana malamin kimiyya na sakandaren unguwar ya zo karɓar hotunan ɗalibansa, ya tsaya hira. Ya ce nan da mako biyu tauraruwar nan Zara za ta ratsa ta gaban rana, a gan ta baƙa tana tafiya a hankali. Ya ce sau biyu take yin haka, shekara takwas tsakani, daga nan kuma sai bayan shekara ɗari da wani abu. Babu wani mai rai a lokacin da ya taɓa gani. Makaranta tana da ɗan madubin hangen nesa, amma ba ta da mai hoto.

Daga bayan labule Malama ta ce, "Zara matar wata? Me ya kai ta wurin rana, ko mijin ya yi tafiya ne?"

Malamin ya yi dariya. Tsaya-Haka bai yi ba, don maganar ta riga ta shige shi. Shekara talatin yana ɗaukar mutanen da ke neman aiki da masu neman tafiya, ga shi yau an kawo masa abin da ko ubangidansa mai kyamarar akwati bai gani ba. Ya yi mako biyu yana haɗa kyamara da madubin da kwali da salatif. Ya je wurin mai walda ya karɓo baƙin gilashi mafi duhu da yake da shi. Mai waldar ya ja masa kunne, ya ce rana ba ƙarfe ba ce, ba a yi mata ƙifta-in-ƙifta.

Ranar da safe suka hau rufin shagon shi da malamin. Ya kira Malama ta zo, ta ce tana da fuskokin ɗalibai arba'in a gabanta, kowace da ƙurajenta. "Ka ɗauko mini Zarar in gani a kati," ta ce. Bai gaya mata ɗan ɗigo kawai za ta fito ba, don shi ma bai sani ba.

Da ya sa ido, sai ya ga rana ta koma wani koren faifai mai sanyi, can gefe kuma ga ɗigo ɗaya, baƙi ƙirin, zagayayye tamkar da ma'auni aka zana shi. Ya ji kansa yana cewa "Tsaya haka" ƙasa-ƙasa, malamin yana dariya. Ya yi ta dannawa, iska tana kaɗa madubin, gajimare yana zuwa yana wucewa. Saura kaɗan fim ya ƙare, zafi ya saki salatif ɗin, gilashin ya zame alhali idonsa na dama yana manne da kyamara. Ƙiftawa ɗaya ce. Ya ji kamar an soka masa allura mai zafi.

Duk da haka sai da ya sauka ya wanke fim ɗin, idon yana zubar da ruwa. A cikin talatin da shida, guda ɗaya ce ta fito tas. A jikin fim komai a juye yake, don haka rana ta fito baƙa, Zara kuma ta zama ɗan huji mai haske da bai kai kan allura ba. Ya ɗaga shi a fitila ya gan ta, ya yi hamdala. Malamin yana ta matsa masa su tafi asibitin ido. Cikin sauri, da hannu ɗaya a kan fuska, ya maƙala fim ɗin a wayar dama ya fita.

Da ya dawo da yamma da bandeji a ido, ya tarar da fim ɗin a yanke, an jera shi cikin takarda kamar kullum. Malama ta ce, cikin jin daɗin wadda ta yi abin kirki, "Guda ɗaya ce mai kyau. Ƙura ta ɗan huda ta, amma na toshe. Sai dai ban ga Zarar taku ba."

Ya ɗaga fim ɗin a taga. Rana ce baƙa, sumul, babu ko ɗigo. Irin aikin Malama ne, wanda ko da gilashi sai ka wahala kafin ka gano inda buroshi ya sauka. Tawadar kuwa irin mai shiga jikin fim ce, ba ta fita sai da fatarsa.

A wannan lokacin ya ga wayar dama, ya kuma tuna hannunsa yana maƙala fim ɗin a kanta. Ya san laifin waye, kuma sanin ne ya ƙara masa wuta. Ya ce, "Na ba da idona a kan abin nan. Ke idonki bai iya ganin komai ba sai aibi. Ko Allah ya yi ado a sama sai kin goge." Ta dubi wayar, ta dube shi. Ya ƙara da cewa, "Daga yau kada ki sake taɓa mini fim."

"To," ta ce.

Ta ɗauraye buroshin, ta goge shi da gefen mayafinta ba tare da ta buga a kofi ba, ta jera kayanta cikin wani akwatin ƙarfe na biskit, ta tura shi ƙarƙashin tebur. Magana zarar bunu ce. Da ta yi masa tsiwa, da wataƙila sun yi faɗa an wuce wurin, amma "to" ɗin nan ba ta bar masa abin kamawa ba.

Kada a ɗauka gidan ya watse. Sun ci gaba da zama, tana haɗa masa shayi yadda yake so, yana kawo mata maganin ciwon gwiwa, suka aurar da 'yarsu tilo, suka ga jika. Tana zuwa shago ta rubuta lambar masu hoto da fensir a bayan ambulan. Zancen rana ne kawai ba a yi. Fuskokin unguwar suka fara fitowa da ƙurajensu, mutane suka ce hannun Tsaya-Haka ya tsufa. Bai musa ba, ya gwammace a ce haka.

Idon ya warke, amma ya bar masa ɗigo. Duk abin da ya tsura wa ido, sai wani ɗan baƙin zagaye ya zauna a tsakiyarsa. Idon hagu kuwa shekara talatin yana kanne, bai saba aiki shi kaɗai ba. Likita ya ce ƙuna ce, ba ta da magani. Shi dai ya san ɗigon, girmansa da zagayensa duk na Zara ne. An cire ta daga fim ta koma cikin idonsa. Ya fi ganin ta idan ya dubi Malama, domin daidai tsakiyar fuskarta take sauka. Sai ya koyi kallon gefen kunnenta idan suna magana, ita kuma ta ɗauka ko kallon ta ba ya son yi.

Ya so ya ba ta haƙuri, wannan gaskiya ne. Sau da yawa maganar takan zo har bakinsa, sai girman kai ya ce a bari a sami lokacin da ya dace. Har ya sama wa kansa lokacin. Zara za ta dawo bayan shekara takwas. Ranar zai rufe shago, ya riƙe hannunta su hau rufin, ya sa mata gilashin ta gani da idonta, sannan ya ce, "Ni na rataya a dama, Malama. Ki yafe mini." Ya tsara kalmomin, yana gyara su duk shekara kamar mai gyaran hoto. Yana ganin wannan ya fi haƙurin baki kawai daraja, kuma bai taɓa tambayar kansa wa ya ba shi tabbacin shekara takwas ba.

A shekara ta bakwai ta kwanta. Ciwon bai yi wata biyu ba. Ranar ƙarshe a asibiti yana zaune kusa da gadon, 'yarsu ta fita kiran nas, ɗakin ya rage su biyu. Ta dube shi kamar mai jiran wani abu. Ya tsura mata ido don ya ga fuskar sosai, ɗigon ya zo ya rufe ta. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kina son ruwa?" Ta girgiza kai.

Bayan rasuwarta ya nemi hotonta a shagon da ke cike da fuskokin gari, bai samu ko ɗaya ba. A lokacin wayoyin hannu sun cinye sana'ar, sai jefi-jefi mai fasfo ya leƙo. Yakan zauna a benci daga safe har la'asar. A nan ya fara jin ƙarar. Idan layin ya yi tsit bayan azahar, masu walda sun kashe inji, sai ya ji daga bayan labule, ƙil, ƙil. Ya ɗaga labulen sau biyu, ya ga kujera da tebur da ƙura. Bayan haka ya daina ɗagawa. Ya gaya wa 'yarsa, ta ce mai gyaran agogo ne. Ya ce haka ne, alhali ya san shagon agogon ya fi shekara a rufe. Ƙarar ba ta ba shi tsoro. Abin da ke hana shi sukuni shi ne ya san ma'anarta: an gama aiki, ana jiran ya zo ya karɓa.

Da shekara takwas ta cika, malamin kimiyya, wanda ya yi ritaya ya yi furfura, ya zo ya ce gobe ne, kuma wannan karon da fitowar rana za a gan ta, na ɗan lokaci kaɗan. Tsaya-Haka ya ce ba zai hau ba. 'Yarsa ce ta matsa. Ta zo da sassafe da goyonta da wata sabuwar kyamara ta mijinta, ta ce, "Baba, ka yi shekara takwas kana ƙirga ranar nan a kalanda, kana tsammanin ba mu gani? Tashi."

Malamin ya riga ya hau da madubinsa. Sai aka nemi gilashin walda aka rasa. Ya duba durowa, ya duba ɗakin duhu. 'Yar ta ce, "Duba akwatin Umma, ita ce mai adana abin da ka jefar."

Ya shiga bayan labule a karon farko cikin watanni. Ya jawo akwatin biskit ɗin, murfin ya yi tsatsa sai da ya sa tsinin almakashi. Gilashin yana sama, naɗe cikin hankici. Ya miƙa wa 'yar ta bayan labule ya ce ta yi gaba, yana zuwa. Ya ji takunta a matakala.

Ƙarƙashin hankicin ga buroshin, ga kwalaben. Ya yi tsammanin ya same su cike sun bushe, sai ya ga ta baƙar tawada ta kusa ƙarewa. A ƙasan akwatin akwai ambulan irin na shagon. Ya zazzage shi a tebur, kati biyar suka faɗo.

Rana ce a kowanne, fara, an wanke ta daga fim ɗin nan nasa. Ashe idan ya tafi ɗaukar hoton makarantu takan shiga ɗakin duhu ita kaɗai. A kowace rana kuma, can gefe, ga Zara, baƙa, zagayayya, an ɗiga ta da buroshi. Ya kawar da ido gefe don ɗigon idonsa ya ba shi wuri, ya duba da kyau. Daidai wurin take, ko gashi bai kauce ba. Wa zai fi sanin wurin in ba wadda ta toshe shi ba?

Ya juya na farko. Da fensir, da rubutun nan nata mai kwanciya, an sa kwanan wata, kwana uku bayan abin ya faru. A ƙasa an rubuta: "Na mayar da ita. Idan ya tambaya."

Na biyu bayan shekara ɗaya ne, ɗigon ya fi na farko tsabta, kamar ta duba wancan ta ga bai gamsar da ita ba. Kalmomin su ne dai. Na uku da na huɗu haka, da tazarar shekaru a tsakani. Na biyar an yi shi wata uku kafin ta kwanta. A nan hannun ya yi rawa, Zara ta ɗan fito da gefe kamar ƙwayar wake, abin da Malama ta dā ba za ta taɓa bari ya bar teburinta ba. A bayansa ba ta rubuta jimlar duka ba, ta sa "Idan" kawai.

Ya zauna a kujerarta. Shekara bakwai tana zaune taku uku daga gare shi da amsa a ƙarƙashin tebur, shi kuma yana can yana goge kalmomin da zai faɗa a kan rufi. Baƙin ciki ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da aka binne ta, don ranar yana da wanda zai ɗora wa laifi, ya ce ajali ne.

Daga sama muryar 'yarsa ta sauko. "Baba, rana ta fito. Ga ta nan, wallahi ga ta nan, 'yar mitsitsiya. Yi sauri, malam ya ce ta kusa fita."

Haske ya shigo ta tagar ya kwanta a kan katunan. Ya san matakala goma sha huɗu ce, ya san kuma duk wanda ke raye yau ba zai sake ganin abin da ke saman nan ba. Ya mayar da katunan cikin ambulan, na biyar a sama, ya ajiye shi a tsakiyar tebur inda takan ajiye aikin da ta gama. Ya ɗauko kofin, ya share ƙurarsa da hannun riga, ya jingina buroshin a bakinsa. Sannan ya tashi ya koma gaban labule, ya sake shi ya rufu, ya tsaya inda ya saba tsayawa shekara ashirin idan yana jiran aiki.

"Baba?" in ji 'yar daga sama.

Ya gyara murya.

"Malama," ya ce, "hoton nan na rana, kin gama?"

Ya tsaya haka, yana saurare.